Maikro-RNA Da Ƙwayoyin Tushe: Ba A Kai Ga Magani Ba, Amma Binciken Ya Shafe Mu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi bayani a kan wani fanni na binciken magunguna da ba a cika tattauna shi da Hausa ba, wato ƙoƙarin da masana ke yi na zuba wani ƙaramin sinadarin gado mai suna maikro-RNA a cikin ƙunshin nano, wato wani ɗan mitsitsin ƙunshi da ido ba ya iya gani, su isar da shi ga ƙwayoyin tushe na jikin ɗan Adam domin warkar da cuta. Ni mai harhaɗa magunguna ne, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne na lura sunayen waɗannan abubuwa sun riga iliminsu isowa wurinmu. Ana jin su a bakin masu talla, ana ganin su a saƙonnin WhatsApp da shafukan Facebook, alhali mai sauraro ba shi da inda zai je ya tantance abin da ya tabbata da abin da har yanzu bai wuce ɗakin gwaji ba. Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa masa hujja, shi ne cewa binciken na gaskiya ne kuma ya shafe mu fiye da yadda muke zato, amma bai zama maganin da za a saya ba, kuma babban abin da ya tsayar da shi shi ne matsalar isar da sinadarin inda ake so ya je.

Ƙwayoyin tushe su ne ƙwayoyin halittar da ba su riga sun kama sana'a guda ba, waɗanda ke iya haifar da irinsu, su kuma rikiɗa su zama wasu nau'o'in ƙwayoyin. Waɗanda ke cikin ɓargo su ke samar da jinin da ke yawo a jikinmu tun daga haihuwa har zuwa mutuwa, kuma James Till da Ernest McCulloch ne suka tabbatar da samuwarsu a birnin Toronto a shekarar 1961. A 2006 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto ya nuna cewa da ƙwayoyin gado huɗu kacal ana iya mayar da ƙwayar jikin ɓera zuwa matsayin ta tushe, a 2007 ya maimaita hakan da ƙwayoyin mutum, aka ba shi kyautar Nobel a 2012 tare da John Gurdon. Tun daga lokacin tambayar da ta dami masana ita ce yadda za a umarci ƙwayar tushe ta zama ƙashi, ko jijiyar ƙwaƙwalwa, ko tsokar zuciya, ta kuma tsaya a nan ba tare da ta zarce ta zama ciwon daji ba.

A nan ne maikro-RNA ya shigo. Bayanin halittar mutum yana ajiye ne a cikin DNA, a tsakiyar kusan kowace ƙwaya, kuma ba ya fita daga nan. Idan ƙwayar tana buƙatar wani furotin, sai a kwafo sashen da ya shafe shi, kamar yadda ake kwafo darasi daga littafi zuwa kan allo, kuma wannan kwafin shi ake kira mRNA. Aikin maikro-RNA shi ne ya zo ya wanke allon, ko ya rufe shi, kafin a gama karantawa. Littafin yana nan yadda yake, amma darasin bai isa ga mai aiki da shi ba, saboda haka furotin ɗin ya ragu. Tsawonsa bai wuce haruffan gado kimanin 22 ba. Victor Ambros ne ya fara gano irinsa a 1993 a jikin wata tsutsa da tsawonta bai fi milimita ɗaya ba, yayin da Gary Ruvkun ya bayyana yadda yake danne abin da ya nufa. Shekaru bakwai masana suna ɗaukar abin a matsayin wata baƙuwar ɗabi'a ta tsutsa, sai a 2000 da ɗakin binciken Ruvkun ya gano na biyu, mai suna let-7, ya kuma nuna cewa akwai shi a jikin dabbobi masu yawa har da mutum. A yau an san cewa jikinmu yana da ire-irensa fiye da dubu, kuma wannan aiki ne ya sa aka ba mutanen biyu kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2024.

Dangantakarsa da ƙwayoyin tushe mai ƙarfi ce. An gwada a ɓeraye an ga cewa idan aka cire sinadarin da ke sarrafa maikro-RNA daga ƙwayoyin tushe na ɗan tayi, sai su kasa rikiɗa yadda ya kamata. A 2011 masu bincike a Jami'ar Pensilbaniya suka ba da rahoton cewa wani rukunin maikro-RNA mai suna miR-302 da miR-367 yana iya mayar da ƙwayoyin jiki zuwa matsayin na tushe, kuma a wannan shekarar wasu a Jami'ar Stanford suka nuna cewa miR-9 da miR-124 suna karkatar da ƙwayoyin fatar mutum su ɗauki siffar ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa. Abin da ya ba shi wannan ƙarfi shi ne cewa maikro-RNA guda ɗaya yana iya taɓa ɗaruruwan saƙonnin mRNA a lokaci guda, don haka yana iya juya alƙiblar ƙwaya gaba ɗayanta. Sai dai wannan ƙarfin shi ne kuma haɗarinsa, domin idan ya sauka a ƙwayar da ba ita aka nufa ba, ɗaruruwan abubuwa ne zai taɓa a can ma.

Mai karatu zai iya tambaya, tunda an san sinadarin kuma ana iya haɗa shi a masana'anta, me ya hana a zuba shi a sirinji a yi wa majiyyaci allura? Amsar ita ce jiki ba ya karɓar baƙon RNA, wato dangin sinadaran da mRNA da maikro-RNA suke ciki, da hannu biyu. Jini cike yake da sinadaran da ke farfasa RNA cikin ɗan ƙanƙanen lokaci, abin da ya tsira kuma ƙoda ta tace shi ya fita ta fitsari. Wanda ya kai bakin ƙwayar ma ba zai shiga ba, saboda yana ɗauke da cajin lantarki iri ɗaya da na fatar da ta kewaye ƙwayar, kuma masu caji iri ɗaya ture juna suke yi. Ga kuma garkuwar jiki, wadda aka halitta ta ɗauki baƙon RNA a matsayin alamar shigowar bairos, ta tashi da zazzaɓi da kumburi. Ƙwayoyin tushe sun fi sauran wuyar sha'ani: ba su da yawa, waɗanda ke ɓargo galibi a kwance suke ba sa rarrabuwa, kuma idan aka matsa musu da sinadarai masu ƙarfi sai su mutu ko su rasa baiwar da ta sa ake nemansu.

Hanyar farko da masana suka bi ita ce amfani da bairos da aka cire wa dafi, tunda shi ya ƙware wajen kutsawa cikin ƙwaya. Hanyar tana aiki, amma an biya ta da tsada. A gwajin da aka fara a asibitin Necker da ke Paris a 1999, an warkar da yaran da aka haifa ba su da garkuwar jiki ta hanyar gyara ƙwayoyin ɓargonsu da bairos, amma daga 2002 wasu daga cikinsu suka kamu da sankarar jini, saboda bairos ɗin ya dasa kayansa kusa da wata ƙwayar gado da ke ingiza rarrabuwar ƙwayoyi. Misalin da ya fi kusa da zancenmu shi ne wanda aka buga a mujallar Nature a 2019, daga ɗakin binciken Mauro Giacca. An sa wa aladu ciwon toshewar jijiyar zuciya, sannan aka yi amfani da bairos aka isar da miR-199a ga tsokar zuciyarsu. Bayan wata ɗaya zuciyar ta farfaɗo, tabon ya ragu, bugun ya ƙara ƙarfi, abin da masana suka daɗe suna nema ruwa a jallo. Amma bairos ɗin bai daina samar da sinadarin ba, ƙwayoyin suka ci gaba da rarrabuwa babu ƙaƙƙautawa, kuma cikin 'yan makonni mafi yawan aladun suka mutu farat ɗaya saboda rikicewar bugun zuciya. Darasin da masu binciken da kansu suka fitar shi ne cewa wannan magani yana buƙatar awo da wa'adi, a ba da shi ya yi aikinsa ya ƙare. Ni a ganina babu hujjar da ta fi wannan ƙarfi wajen nuna dalilin da ya sa aka koma ga ƙunshin nano, domin shi ba ya dasa komai a cikin DNA, kuma abin da ya ɗauko yana ƙarewa cikin kwanaki, likita ya duba ya ga ko za a ƙara ko a dakata.

Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin silin gashin kai ya kai kimanin nanomita 80,000, jar ƙwayar jini kuma tana tsakanin 7,000 da 8,000, alhali ƙunshin da ake magana a kai bai cika wuce nanomita 100 ba. Ana yin sa da abubuwa daban-daban, har da zinariya da wata roba mai narkewa a jiki da ake kira PLGA, irin wadda ake yin zaren ɗinkin tiyata da ita, amma wanda ya fi samun nasara shi ne na maiƙo, wanda Pieter Cullis da abokan aikinsa a birnin Bankuba na ƙasar Kanada suka shafe shekaru suna gyarawa. Yadda ake haɗa shi abin sha'awa ne ga duk wanda ya taɓa aikin magani. Ana narkar da maiƙo iri huɗu a cikin sinadarin etanol, a narkar da RNA a cikin ruwa mai ɗan tsami, sannan a turo su ta bututu biyu masu siririn baki su haɗu da sauri a wuri guda. A cikin tsamin nan ɗaya daga cikin maiƙon yana ɗaukar cajin da ke jawo RNA, sai ya rungume shi, sauran su taru su kewaye su, ruwan da ya shigo garau ya fito da ɗan hazo-hazo, kuma wannan hazon shi ne biliyoyin ƙunshin. Idan ya shiga jini, inda babu tsami, maiƙon sai ya saki cajinsa ya yi lamo, don haka ba ya yi wa jiki illa sosai. Idan ƙwaya ta haɗiye shi ta sa shi a wata 'yar jaka da ke cikinta, jakar takan yi tsami a hankali, cajin ya dawo, maiƙon ya huda jakar, RNA ya fito ya kama aiki.

Wannan dabara ta riga ta fita daga ɗakin gwaji, amma ga wasu nau'o'in RNA, ba ga maikro-RNA ba. A watan Agustan 2018 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da maganin Onpattro, wanda ke ɗauke da wani ɗan gajeren RNA a cikin ƙunshin maiƙo domin wata cutar gado da ke lalata jijiyoyi, kuma allurar rigakafin korona ta Pfizer da ta Moderna da aka yi wa ɗaruruwan miliyoyin mutane duk da irin wannan ƙunshi aka yi su. Sai dai akwai abubuwa biyu da masu talla ba sa faɗa. Na farko, idan aka sa ƙunshin maiƙo a jijiya, wani furotin na jini mai suna ApoE yakan manne masa ya ja shi zuwa hanta, kuma wannan ne ma ya sa Onpattro ya yi nasara, tunda a hanta ake ƙera furotin ɗin da ke jawo cutar. Wanda yake son ya kai kaya ɓargo ko ƙwaƙwalwa ko zuciya, to da hanta yake kokawa. Na biyu, wani bincike da aka yi a birnin Dresden na Jamus aka buga a 2013 ya auna ya ga cewa daga cikin RNA da ƙwaya ta haɗiye, kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ne kawai ke kuɓuta daga 'yar jakar nan, sauran duk a narke su. Idan aka ce a ƙara yawan maganin domin cike giɓin, sai guba da tashin garkuwar jiki su ƙaru. Tsakanin waɗannan matsaloli biyu aikin yake tafiya a hankali har yau.

Masu aiki da ƙwayoyin tushe suna bin hanya biyu ne. Wasu sukan ciro ƙwayoyin daga jiki, su ba su ƙunshin a cikin faranti, sannan su mayar da su, kuma manufarsu galibi ita ce su taimaki ƙwayoyin su rayu, domin an daɗe da sanin cewa ƙwayoyin tushe da aka sa ta jijiya yawancinsu a huhu suke maƙalewa, kuma kaɗan ne ke wuce 'yan kwanaki a raye. Wasu kuma sukan kai ƙunshin ga ƙwayoyin tushen da ke zaune a jiki tun asali. A 2016 masu bincike a ƙasar Fotugal suka sa miR-124 a cikin ƙunshin PLGA, suka zuba shi a ƙwaƙwalwar ɓerayen da aka sa wa alamun cutar Parkinson, mai sa karkarwar jiki, suka ga ƙwayoyin tushen da ke wurin sun ƙara haifar da sababbin ƙwayoyin jijiya, motsin ɓerayen ma ya gyaru. A wannan shekarar kuma wasu a Jami'ar Mishigan suka dasa wani abu mai kama da soso, wanda ke sakin miR-26a a hankali, a ramin da aka yi a ƙoƙon kan ɓera, ƙwayoyin jikin ɓeran da kansu suka cike ramin da sabon ƙashi. Waɗannan ayyuka ne masu kyau, kuma ina girmama waɗanda suka yi su, amma ina roƙon mai karatu ya lura cewa a duka biyun ɓera aka warkar, kuma a na farkon ma sai da aka huda ƙoƙon kai aka zuba maganin kai tsaye.

Da aka zo kan mutane, labarin ya fi nauyi. Magani na farko mai kwaikwayon maikro-RNA da aka gwada a jikin ɗan Adam shi ne MRX34, wanda wani kamfani a jihar Texas ya sa a cikin ƙunshin maiƙo domin masu ciwon daji da ya yi nisa. An fara gwajin a 2013, aka dakatar da shi a watan Satumban 2016, bayan garkuwar jikin wasu majiyyata ta yi mummunan tashi, har huɗu daga cikinsu suka rasu. Wani maganin mai suna miravirsen, wanda ke toshe miR-122 domin yaƙar ciwon hanta nau'in C, ya nuna alamun nasara a 2013, amma sababbin ƙwayoyin sha da suka fito a daidai lokacin suka sha gabansa. Har zuwa lokacin da aka ba Ambros da Ruvkun kyautar Nobel a 2024, babu maganin maikro-RNA ko guda ɗaya da wata babbar hukumar magunguna ta amince a sayar, balle wanda aka haɗa da ƙunshin nano aka nufi ƙwayoyin tushe da shi. Duk wanda ya ce yana da irinsa a jakarsa, ƙarya yake yi.

Duk da haka, Malam Edita, ba na son a fahimci cewa wannan zance ne na Turawa da bai shafe mu ba. Abin da ya haɗa mu da shi shi ne amosanin jini, wato sikila, wanda Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu fama da shi, inda ake ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 da shi duk shekara. Sikila cuta ce da tushenta yake cikin ƙwayoyin tushe na ɓargo, shi ya sa dashen ɓargo yake warkar da ita, kamar yadda aka fara yi a ƙasar nan a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011. An kuma san cewa jariri a cikin mahaifa yana amfani da wani nau'in sinadarin jini da ba ya lanƙwashewa, kuma wani furotin mai suna BCL11A ne ke kashe samar da shi bayan haihuwa. Idan aka danne wannan furotin, sinadarin jarirai ya dawo, ciwon ya lafa. Likitoci a Asibitin Yara na Boston sun yi daidai wannan, inda suka saka ɗan gajeren RNA a cikin ƙirar maikro-RNA suka isar da shi ga ƙwayoyin ɓargon majiyyata, kuma rahoton da suka buga a 2021 a kan mutum shida ya nuna sinadarin ya dawo da yawa, rikicin ciwon ya ragu ƙwarai. Maganin Casgevy, wanda Birtaniya ta amince da shi a watan Nuwamban 2023, Amurka kuma a Disamba, shi ma BCL11A ya nufa, ko da yake ta hanyar yanke DNA.

Matsalar waɗannan hanyoyi ita ce dukkansu sai an ciro ƙwayoyin daga jiki, an kai su masana'anta ta musamman, an ba majiyyaci maganin da zai share ɓargonsa, wanda kan iya hana shi haihuwa, sannan ya kwanta makonni a ɗakin da ƙwayar cuta ba ta shiga. Farashin Casgevy a Amurka dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. Babu lissafin da za a yi wannan ya isa ga yaron da ke Gumel ko Maraɗi. Abin da zai iya sauya lissafin shi ne a samu ƙunshin da za a yi allurarsa a jijiya ya wuce hanta ya tafi ɓargo da kansa, kuma an fara ganin alamar hakan. A 2023 masu bincike a Jami'ar Pensilbaniya da Asibitin Yara na Filadelfiya suka buga a mujallar Science cewa sun manna wa ƙunshin maiƙo wani sinadari da ke gane alamar CD117 da ke jikin ƙwayoyin tushe na jini, kuma ya kai mRNA ga waɗannan ƙwayoyi a cikin ɓargon ɓeraye masu rai. Ba maikro-RNA suka ɗora ba, amma hanyar da ta kai wancan za ta iya kai wannan. Tun a 2019 ma cibiyoyin lafiya na gwamnatin Amurka da Gidauniyar Gates suka yi alkawarin zuba dala miliyan 200 domin neman irin wannan magani na sikila da na ƙanjamau da za a iya bayarwa a ƙasashen Afirka. Ba na cewa ƙunshin nano yana nufin araha kai tsaye, domin Onpattro ya fito ne a kan kimanin dala 450,000 a shekara, amma rigakafin korona da aka yi da fasaha iri ɗaya an sayar da shi a kan kimanin dala 20, wanda ya nuna cewa tsadar ba daga maiƙon take ba, daga yawan abin da aka ƙera ne da kuma wanda ke riƙe da ikon sa farashi.

Yayin da masana ke wannan fama, wasu a nan gida sun riga sun buɗe kasuwa. Kwanakin baya wata baiwar Allah ta zo wurin aikina da ɗanta mai sikila, idanunsa sun yi rawaya, yana dafe da gwiwa. Ta kwance bakin mayafinta ta fito da wasu 'yan fakiti masu sheƙi, da hoton tuffa a jiki, ta ce an gaya mata garin da ke ciki ƙwayoyin tushe ne, a riƙa zuba wa yaron a ƙarƙashin harshe kullum da safe, jininsa zai sauya ya koma irin na masu lafiya. Ta sayar da akuyarta ta saya, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda ya sayar mata ya ce ta dakatar da magungunan asibiti domin kada su hana garin aiki. Na ce mata, Hajiya, ƙwayar tushe abu ne mai rai da ba ya zama gari a cikin leda, ta tsiro kuma ba ta zama jinin mutum, ko da ta kai ciki narkewa za ta yi kamar kowane abinci. Na nuna mata ɗan rubutun da ke gefen fakitin, inda aka ce hukumar NAFDAC ba ta tantance iƙirarin da aka yi a kansa ba, domin mutane da yawa suna ɗaukar lambar hukumar a matsayin shaidar cewa abu yana warkarwa, alhali a irin waɗannan kayan ƙarin abinci lambar ba ta nufin haka. Wannan ɓarna ba a nan kaɗai take ba. A jihar Florida ta Amurka, a 2015, wasu mata uku tsofaffi sun biya kuɗi aka yi musu allurar ƙwayoyin da aka tace daga kitsen jikinsu a cikin idanu, suka rasa ganinsu ko mafi yawansa. Yanzu da kalmomin nano da RNA suka shiga bakin jama'a, ina da yaƙinin su ne za a liƙa a fakiti na gaba.

Saboda haka roƙona gare ka shi ne, duk lokacin da jaridarka za ta ba da labarin wani sabon binciken magani, ta faɗa wa mai karatu a sakin layi na farko ko a faranti aka yi shi, ko a jikin dabba, ko a jikin mutane, kuma mutum nawa, domin wannan bayani kaɗai ya isa ya kare iyaye da yawa daga asara. Ina kuma roƙon sashen talla ya daina karɓar sanarwar duk wanda ya ce yana sauya rukunin jini da gari ko da shayi. Jami'o'inmu da ke da sassan harhaɗa magunguna, irin su Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya dace su sa ɗalibai su koyi haɗa ƙunshin maiƙo da auna shi, kuma akwai tambayar da ta fi damun mu fiye da masu bincike a ƙasashen sanyi, wato yadda za a busar da irin wannan magani ya jure zafi da ɗaukewar wuta, tunda mun ga yadda rigakafin Pfizer ya buƙaci sanyin digiri 70 ƙasa da sifili a farkon fitowarsa.

Idan wannan fasaha ta kai matakin gwaji a kan masu sikila, babu makawa za a zo neman majiyyata a inda suka fi yawa, wato wurinmu. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan na 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, wanda aka yi a kan yara 200, aka yi ta shari'a a kansa har aka sasanta a 2009, kuma tabon da ya bari ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan inna a 2003. Amma a wannan garin ne kuma likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka gudanar da gwaji bisa ƙa'ida da yardar iyaye, suka nuna cewa ana iya amfani da maganin haidiroksiyuriya wajen kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki. Irin wannan gwaji na biyu muke so, wanda likitocinmu ke jagoranta, kwamitin ɗa'ar bincike ya duba shi, a yi wa uwa bayani da harshen da take ji kafin ta sa hannu, a kuma rubuta tun farko cewa idan maganin ya yi nasara al'ummar da aka gwada shi a kanta za ta same shi a farashin da za ta iya biya. Ina ba da shawarar ka tura wakilinka ya zauna da likitocin jini na asibitocin koyarwa da ke Kano da Zariya da Sakkwato, su yi wa masu karatu bayanin abin da ake da shi a hannu yau, daga gwajin jini kafin aure zuwa haidiroksiyuriya da dashen ɓargo, da kuma inda binciken ƙunshin nano ya tsaya.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.

Wassalam,
Mai harhaɗa magunguna, daga Kano.